Sunan da Na Cire Daga Bakin Matata

Wata yarinya da ke sa hoton fure a madadin fuskarta ta rubuto a ƙarƙashin abin da na sa makon jiya. Ta ce, "Baba, kai da Mama Edith kun burge ni, irin soyayyarku ce babu yanzu." Na gode, 'yata, sai dai kin yi saurin yabo. Ki karanta wannan tukuna, in kin gama kina nan kan bakanki, to.

Ga waɗanda suka shigo zauren nan yau: sunana Elias. Na koyar da tarihi da Turanci shekara talatin da huɗu a makarantun Zariya, na karanta littattafai fiye da abin da suka amfana mini. Matata Edith ta rasu shekara shida ke nan. Ku 'yan mata kuna rubuta labarin samarin da suka ci amanarku, ni kuma ba wanda ya ci tawa, shi ya sa nawa labarin ya fi naku muni.

A 1973 muna zaune a Sabon Gari, ciki da falo, a gidan Mama Adunni, wata Bayarabiya mai sayar da atamfa wadda Hausarta ta fi ta wasu ɗalibaina. Falon namu ba shi da girma. Kujeru biyu na katako masu matashin da Edith ta ɗinka da kyallen shadda, rediyo a kan kabad, kantar littattafaina da ta cinye bango guda. Kowace safiya Edith takan ɗaura zanenta, ta sa farar rigar da ta goge tun jiya, ta hau bas zuwa Samaru, inda take buga tafireta a ofishin masu binciken noma.

Edith ba ta taɓa kiran sunana ba. "Malam" take ce mini. In tana maganata da mutane, sai ta ce "shi" ko "maigidan". A wani ƙauye bayan Giwa ta tashi, a hannun yayar mahaifinta, Gwaggo Tanoma, don uban ya rasu tana 'yar shekara huɗu. Mishan sun koya mata tafireta da waƙa, amma ba su taɓa kunyar da Gwaggo ta dasa mata ba. Mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na ubanta, ba ta kama na ɗanta na fari. Na san wannan. Da an ba ni allo da alli, sai in yi darasin awa guda a kai, in nuna muku cewa girmamawa ce. Sanin bai hana ni komai ba.

Wanda take yi wa aiki wani Bature ne mai binciken tsutsar da ke cin auduga. Dogo, jan wuya, gajeren wando da doguwar safa, da malafar da ya saya a kasuwar ƙauye. Hausarsa ta manoma ce, a gona ya koya. Abu biyu ne ba ya so: a ce masa Ingilishi, ko a ce masa Dokta. Yakan ce shi mutumin Wales ne, suna da harshensu, suna da waƙoƙinsu, kuma uwarsa ta raɗa masa suna don a kira shi da shi. Sunan Emrys. Daga masinja har direba, kowa Emrys yake ce masa. Wata Lahadi ya biyo Edith cocinmu na Hausa, ya ji yadda muke jan waƙa kamar masu jan saniya, bai haƙura ba sai da ya karɓi koyar da mawaƙa. Edith ce babbar muryar mata.

Tun daga nan sunan ya tare a gidana ba tare da ya nemi izini ba. Emrys ya ce a bar fesa wa wake magani da rana. Emrys ya ce a ƙasarsu tumaki sun fi mutane yawa. Emrys ya ce in riƙa numfashi daga ciki. Wata Asabar na ƙirga, tsakanin koko da abincin rana sau goma sha ɗaya.

Na ce, "Sunan nan bai yi miki nauyi a baki ba?"

"Wane suna?"

"Na ogan naki."

Ta dube ni da mamaki na gaske. "Malam, Bature ne fa. Me zai sa in ji kunyarsa?"

Amsar daidai take. Tana faɗin sunansa ne don ba kowa ba ne a wurinta, tana ɓoye nawa don ni ne komai. Ku rubuta wannan ku ajiye, don na rubuta shi a raina a ranar, kuma da yamma na koma ina kallon bakinta, yadda take ɗan tsayawa a tsakiyar sunan kafin ta sake shi. Ni ban san yadda nawa yake fita daga bakin nan ba. Ban taɓa ji ba.

Akwai kuma cokalin. Ranar aurenmu Emrys ya kawo mana wani cokalin katako da ya sassaƙa da hannunsa, mai sarƙa a jiki da 'yar zuciya a ƙarshen mariƙin. Edith ta rataye shi a saman kabad. Wata rana na hau keke har Samaru, na shiga laburare, na ɗauko babban kundin nan mai juzu'i ashirin da wani abu, na nemo Wales. Ga shi a rubuce: a can, saurayi ne ke sassaƙa wa budurwar da yake nema irin wannan cokali. Layin da ke bi masa ya ce a zamanin yanzu akan bayar da shi kyautar aure ga ango da amarya. Na karanta wannan layin ma, amma a laburaren na bar shi, na farkon kaɗai na goyo a keke zuwa gida.

Cikin Edith yana wata huɗu, wata yamma ina duba rajistar ajina tana guga. Na ci karo da sunan wani ɗalibi, Anaruwa. Na yi dariya na karanta mata. Na ce waɗannan sunayen mutanen da ba su da kalanda ne. An haife ka ana ruwa, Anaruwa. An haife ka ana noma, Nomau. Da a ce an haife ka akuya na kuka, ban san me za a ce maka ba. Na ji daɗin maganar sosai, har na maimaita. Edith ta ajiye dutsen guga ta ce bari ta duba tukunya. Ta daɗe a wajen tukunyar.

Bayan kamar mako uku ta dawo daga aiki da takarda a ninke cikin littafin waƙoƙinta. Ta jira na ci tuwo na wanke hannu, sannan ta shimfiɗa ta a kan gwiwata. Sunaye goma ne na maza, ita ta buga su da tafireta, a gefen kowanne kuma an rubuta ma'anarsa da alƙalami. Na san rubutun. Rhodri, Gethin, Aled, Iwan, da wasu da harshe ke karyewa kafin ya kai ƙarshensu. Ta ce ita ta roƙi Emrys ya rubuto mata sunayen gargajiya na ƙasarsu, in Allah ya ba mu namiji.

Na tambaye ta ko Littafi Mai Tsarki ya ƙare ne. Ta ce a layinmu kaɗai Bitrus huɗu ne, in uwar ɗaya ta ƙwala kira duka suke waiwayowa. Na ga har da Idris a jerin, wai su ma suna da shi. Na ce to ga wannan, ba wanda zai tambaye mu daga ina. Ta girgiza kai, ta ɗora yatsa a kan na bakwai.

Hefin. A gefensa an rubuta: na lokacin da ƙasa ta yi kore, daminarmu.

Ta ce lissafin ungozoma ya faɗa a watan Yuni, farkon ruwa. Na ce wannan ba dalili ba ne, rabin yaran Zariya da damina aka haife su. Na ce ta faɗa mini ainihin abin da ya sa. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Ina so ne kawai, Malam. Ka bar mini wannan ɗaya. Duk waɗanda za su biyo baya naka ne, ko Nebukadnezzar ka sa ba zan ce komai ba."

A shekara biyu na aurenmu ba ta taɓa roƙona ko ɗankunne ba. Na ce na yarda. Da bakina na faɗa, kuma a lokacin da nake faɗa har raina na yarda.

Ranar Alhamis ake koyon waƙa, bayan la'asar. Da cikin ya tsufa sai na riƙa zuwa ɗaukarta. Wata Alhamis na iso an tashi, mata sun watse, na tsaya da kekena a ƙarƙashin mangwaron bakin coci. Su biyu ne a baranda. Tana sanye da atamfarta mai ruwan ganye, ta dafa ƙugu da hannu ɗaya. Emrys ya tambaye ta wani abu. Ba ta amsa da baki ba. Ta karɓi alƙalaminsa, ta juya takardar waƙa, ta yi rubutu a baya, ta miƙa masa. Ya karanta. Sai ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji, ita kuma ta goge ido da bakin ɗankwali.

Ba su taɓa juna ba. Akwai tazarar benci guda a tsakaninsu, na auna da ido, na kuma sake aunawa sau da yawa cikin shekarun da suka biyo baya.

A hanya ina tura keken, tana tafe a gefena, na tambaye ta me ta rubuta masa. Ta ce ba komai, suna ne. Na ce wane suna. Ta yi shiru har muka wuce masu gasa masara, har muka shiga layinmu. Ni kuma na cika shirun da abin da na ga dama.

Ta haihu ranar Talata, cikin ruwan da ya cika kwatocin Sabon Gari har ya shiga shaguna. Namiji. Kafin wata a cikinku ta fara lissafi da yatsu, bari in rufe wannan ƙofar: yaron baƙi ne kamar ni, da kunnuwana da suka tsaya kamar na tulu. Mama Adunni na ganinsa ta ce ko a kasuwa aka tsince shi za a kawo mini. Ban taɓa zargin Edith da abin da kuke zargin samarinku da shi ba. Da ma shi ne, da na san inda zan kai ƙara.

Gwaggo Tanoma ta zo wankan jego da ƙullin kanwa da kaza biyu. Gajeriyar tsohuwa ce mai tsage a kumatu, ba ta shiga coci ba, ba ta shiga masallaci ba, kuma ba ta ga abin da ta rasa ba. Ni "mai boko" take ce mini. Tun da ta iso ta kafa doka: in akwai baƙi, Edith ba ta ɗaukar jaririn, ba ta kallonsa, sai an fita. Mama Adunni, wadda a wurinsu uwa rawa take yi da ɗanta na fari, ta kasa haƙuri. Rana ta biyar ina tsakar gida ina gyaran sarƙar keke, na ji tana tambayar Gwaggo har yaushe za a yi wannan wahala.

Gwaggo ta ce kallon zai zo daga baya, in ya yi wayo. Amma suna, a'a. "Ɗan fari ne. Har ta koma ga Mai Sama ba za ta kama sunansa ba. Ko wani mai irin sunan ta gani a hanya, sai dai ta ce mai sunan yaron."

Hannuna yana kan sarƙar, baƙin mai har wuyan hannu. Ban motsa ba. Na san wannan al'adar tun ina yaro, amma ban taɓa ganinta a matsayin makami ba sai a wannan minti. Duk sunan da na ba yaron nan, ya fita daga bakin Edith ke nan har abada.

Ina so ku lura da kyau, don a nan ne karatu ke da amfani. Jahili in kishi ya kama shi, duka yake yi, ko ya hana mace fita, unguwa ta taru ta ba shi rashin gaskiya. Ni na samo hanyar da za a taru a yaba mini.

Ranar suna na yanki 'yan takardu biyu. Na rubuta Hefin a ɗaya na sa a aljihun hagu. Na rubuta ɗayan na sa a na dama. Na gaya wa kaina cewa ban yanke shawara ba tukuna. Ƙarya nake yi, don da hannun dama nake miƙa abu.

Da hantsi aka jera bencuna a tsakar gidan Mama Adunni, ƙasa na ɗanye da ruwan jiya. An kawo ƙosai da koko, da alewa da goro a faranti. Mawaƙa sun zo da ankonsu. Malaman makarantarmu sun zo, har da Malam Dalhatu maƙwabcinmu da ya yanka mana ragon. Emrys ya zo cikin babbar rigar da ta tsaya masa a gwiwa, ya zauna a benci na biyu, gwiwoyinsa kusan a haɓarsa. Edith tana ɗaki da mata, tagar a buɗe.

Fasto Shekari ya yi addu'a, ya karɓi jaririn daga hannun Gwaggo, ya miƙo mini hannu. Na ba shi takardar. Ya ɗaga tabarau, ya sauke, ya dube ni. Na gyaɗa kai.

"Sunan yaro Emrys. Emrys Elias. Ubangiji ya raya shi."

Mata suka rangaɗa guɗa, mawaƙa suka ɗauki waƙa. Kowa ya juya yana kallon Baturen, wanda wuyansa ya ƙara ja har kunne. Mutane suka yi ta zuwa suna cewa Malam Elias ya san mutunci, ya san darajar baƙo. Malam Dalhatu ya ce abin da na yi sai mai zurfin ilimi. Na karɓi yabon duka, ban mayar da ko ɗaya ba.

Emrys ya taso ya kama hannuna da hannu biyu. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce bai cancanci wannan ba, zai rubuta wa uwarsa yau ɗin nan. Sai ya rage murya, da Hausarsa ta gona, ya ce, "Amma Malam, babanta fa?"

Na ce baban wa. Ya dube ni. Ya saki hannuna a hankali, ya ce a gafarce shi, ya yi katsalandan.

Na shiga ɗaki. Matan suka fita suna tsokanata. Edith na zaune a bakin gado cikin sabuwar atamfa shuɗiya da Mama Adunni ta ba ta, lalle ja a tafin ƙafarta, ɗaurin kan nan mai tsayi da take yi ranar Kirsimeti. Ba ta yi kuka ba. Na so a ce ta yi.

"Malam, ka ce ka yarda."

Na ce na ga kamar girmama ogan nata ya fi, tunda sunan ƙasarsu take so, ga na mutumin da kansa. Na ce ai na ɗauka za ta yi murna, sunan da ba ya barin bakinta.

Ta dube ni. Edith ba ta yi karatuna ba, amma ba ta taɓa buƙatar a maimaita mata abu ba. Na ga lokacin da ta gane, duka, har da aljihu biyun da ba ta gani ba. Ta ce, "To." Ta juya tana gyara kayan jariri.

Gwaggo Tanoma ce ta ja ni da hannun riga zuwa bayan gida, wajen tukunyar ruwan wanka. Ta tsaya tsakanina da hanya.

"Kai mai boko. Wane ne uban matarka?"

Na ce Yohanna, haka yake a takardar aurenmu, Edith Yohanna.

"Yohanna ƙanen ubanta ne, shi ya kai ta makarantar Mishan suka rubuta nasa. Shekara biyu kana kwana da 'yar mutum ba ka san sunansa ba. Ƙanena ne, ni na goye shi. Anaruwa sunansa."

Ta faɗa mini sauran tana tura itace cikin wuta, ba ta ko kallona. Tun cikin yana ƙarami Edith ta aika mata cewa in namiji ne tana so ta mayar da sunan babanta. Daga baya ta sake aikawa cewa ba zai yiwu ba, maigidan ya yi wa sunan dariya, ya ce na marasa kalanda ne, kuma ko ya yarda, Fasto ba zai so sunan wanda bai yi baftisma ba. Sai kuma saƙo na uku ya zo, da murna: ta samo sunan a bakin Turawa, wanda ba mai yi masa dariya. Gwaggo ta ce ita ba ta iya faɗinsa ba, amma ta taho da kaza biyu saboda shi, ɗaya ta jego, ɗaya ta ƙanenta da zai dawo gida.

Yanzu kuna jira in ce kunya ta kama ni. Ta kama ni. Na tuna dutsen guga da tukunyar da aka daɗe ana dubawa, na ji kamar in shige cikin wutar nan. Ta riƙe ni kamar minti biyar.

Sai na tuna baranda. Takardar waƙa, alƙalami, malafa a ƙirji. Sunan da ba za ta iya faɗa da baki ba, ta rubuta shi da hannunta ta miƙa wa wani namiji. Ya san sunan surukina, ni ban sani ba. Ya san abin da ke sa ta kuka. Kishin da na shigo da shi ranar ashe na wasa ne, na bakin mace da yadda take furta harafi. Na gaskiyar a bayan gida ya same ni, kusa da tukunyar wanka.

Na koma ɗakin. Ban ba ta haƙuri ba, ku rubuta wannan ma. Na ce, "Me ya sa shi kika gaya wa, ba ni ba?"

Tana ninke wani ɗan zane. Ta gama ninkewa, ta ɗora a kan sauran.

"Shi ya tambaya."

Washegari na je wurin Fasto Shekari na ce a canza. Ya ce an shigar a littafin ikkilisiya, an faɗa a gaban jama'a, kuma me zan ce wa Baturen da ya riga ya rubuta wa uwarsa? Ya ce in ina so a ƙara na biyu a tsakiya. Na kawo wa Edith wannan kamar wanda ya yi abin kirki. Ta ce a bar shi. Ta ce babanta ba ɗan rakiya ba ne.

Dabarata ta yi aiki, ba ta bar ko ɓurɓushi ba. Daga ranar sunan nan Edith ba ta sake cewa Emrys ba. A ofis ta koma ce masa Dokta, abin da ya fi ƙi, kuma bai taɓa gyara mata ba. A gida, in dole ta yi maganarsa, sai ta ce mai sunan yaron. Ta bar mawaƙa, wai jego, ba ta koma ba. Baturen ya tafi ƙasarsu a 1976. Ya zo sallama da 'yar rigar sanyi ta ulu da uwarsa ta saƙa wa takwaransa, ya tsaya a ƙofar falo, ya ƙi zama.

Yaron kuwa, tun kafin a gama wankan jego ta sa masa Baba. Kun san wanda ake ce wa Baba: yaron da aka mayar wa sunan kakansa. Gwaggo ta ɗauka, Mama Adunni ta ɗauka, ƙannensa huɗu da suka biyo baya suka tashi da shi. Ba ta nemi izinina ba, ba ta kuma yi mini gardama ba. Mutum ɗaya ne a gidan nan ya rage yana kiran Emrys, safe da yamma. Emrys, zo ka ɗauki jakarka. Emrys, ina ka ajiye mini jarida. Ni na rubuta shi a takardar shiga makaranta, ni na tashi na tafa da aka kira shi ranar karɓar digiri. Na cire sunan daga bakinta na sa a nawa, shekara hamsin ke nan ina tauna shi.

Mun yi shekara arba'in da huɗu tare bayan wannan. Ta yi mini tuwo, ta yi jinyata, ta yi dariyar barkwancina, har waɗanda ba su da daɗi. Ba ta sake roƙona komai ba. Waccan yarinya mai hoton fure za ta ce wannan ita ce soyayya. Wataƙila. Ni dai na san cewa akwai ɗakin da aka rufe a ranar, kuma mabuɗinsa tambaya ce guda da ban yi ba a lokacin da take da amfani.

A asibiti, kwana biyu kafin ta tafi, da rana tsaka yara sun fita neman abinci, na matso da kujera. Na ce mata abu ɗaya nake so. Ta kira sunana sau ɗaya, in ji yadda yake. Ta dube ni ta yi ɗan murmushi.

"Malam, da tsufana za ka koya mini rashin kunya?"

Cokalin yana nan a saman kabad. Na sha ɗauko shi in jefar, sai in tuna ba shi ya yi mini komai ba.

Ɗana yana Jos da iyalinsa. Kowace Lahadi bayan coci yakan turo saƙo, "Baba, ka sha magani?" sunan ya haska a fuskar wayar da manyan baƙaƙe, don idona ya yi rauni. Shi abin da ya sani, an sa masa sunan wani Bature mai kirki, abokin babansa. Har alfahari yake yi da labarin, yana ba 'ya'yansa. Bai san sunan kakansa ba, bai san akwai wata takarda da ta kwana a aljihun hagu har aka wanke rigar da ita ba.

Matarsa tana cikin zauren nan. Na ga sunanta a jerin waɗanda suka karanta na makon jiya, har ta sa 'yar zuciya a ƙasa. Bibiana, na san kin kai nan. Kada ki kira ni, kada ki tausasa masa. Ki miƙa masa wayar, ki ce ya fara daga sama.